Ki Gaya wa Wancan Ya Rage Sawu

Zuwa ga Yayana, Alhaji Habu, a kasuwar Dawanau, ko duk inda wannan ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan ciniki, ina so in fara da mayar maka da wata maganarka, don na ga alama ka ba ni ajiyarta ka manta.

"Inna, ki daure ki ƙarasa wannan magani. Ruwan shukan farko bayan kin gama, ni zan riƙe sungumin Baba, ke ki biyo ni da iri kamar da."

Kai ka faɗa, a barandar asibiti a birni, ranar da aka fara yi mata ƙarin ruwan kemo, maganin ciwon daji. Inna ta kawar da kai tana kallon bango kamar ba da ita kake ba, amma ni da ke zaune a ƙasa na ga yatsun ƙafarta suna motsi a cikin silifa. Ta daure, ta ƙarasa. Ruwan shuka ya faɗi, damina ta zo ta wuce, an yi girbi, an ci, ga wata bazarar tana shirin ƙarewa. Sungumin Baba yana nan rataye a zaure, zanzaro ya gina ɗaki a ƙotarsa.

Da ka ci gaba da ɗaga wayata, da ban kawo maganar gidanmu nan dandalin sada zumunta ba. Tunda ka daina, na san 'yan layin wake na kasuwarku ba sa barin abu ya wuce su a waya. Wani zai karanta maka da ƙarfi a kan buhu, ya ƙara da nasa. Ka yi haƙuri da shi, ni na jawo.

Ka san Inna ba za ta taɓa kiran ka da kanta ba. Kai ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, ko da kuskure. In aka yi baƙo mai suna Habu, Malam take ce masa har ya tafi. Ni ce bakinta a wajenka. Kana zaune a gabanta, tabarma ɗaya ce tsakaninku, sai ta juyo gare ni: ki gaya wa wancan tuwonsa zai huce, ki gaya wa wancan ya je a rage masa wannan suma. Tun ina 'yar mitsitsiya nake wannan aike, babu albashi, babu hutu, kuma har yau ba a sallame ni ba. Wannan wasiƙar ma cikin aikin take.

Ka tuna safiyar shuka? Gari ya waye da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kowane gida ya fito. Gona manne da gona har inda ido ya tsaya, babu ko tsinken daji a tsakani, sai shingen lalle da gamba da kukoki. Kana tsaye a gonarmu za ka gaisa da maƙwabta ta kowace kusurwa, ka ji wanda ya yi mura da wanda akuyarsa ta haihu.

Baba a gaba da sungumi, yana tafiya yana sara. Inna a bayansa da ƙoƙon iri. Ta tsinci gero da kan yatsu, ta saki a rami, ta jawo ƙasa da gefen ƙafa, ta danna da diddige, ta wuce. Ba ta sunkuyawa, ba ta ko duban ƙasa. Idonta yana can gonar Baffa Idi, ƙanin Baba, tana hira da matarsa Gwaggo Hajara ta saman shinge, ko yana kaina tana hana ni cinye gyaɗar iri. Ƙafar ita kaɗai ke aikinta, kamar tana da idonta daban.

Shekarar da Baba ya fara miƙa maka sungumi, lokacin ka yi wani irin tsawo, ƙafafu kamar na zalɓe. Ka sara rami nan, na gaba can. Inna tana bin ka tana ɗan tsalle, zani na harɗe ta. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ki gaya wa wancan ya rage sawu, shuka muke yi, ba tsere ba." Ka rage na layi ɗaya, ka koma halinka. Geron ya fito da giɓi kamar bakin tsohuwa. Har kaka Baffa Idi yana tsokanar ka, wai a gonarku akuya za ta wuce da 'ya'yanta ba ta taɓa ganye ba. Kana jin haushi, kana kuma bin sa kasuwa don ya saya maka rake.

Sai shekarar fari, wadda muka ci tuwon dusa da tafasa har muka manta ɗanɗanon wani abu. An yi wani ruwa mai ruɗi, gari ya ɗauka, kowa ya ɗebo ɗan irin da ya rage masa. Inna ta tsaya a bakin gona, ta tuɓe takalmi, ta murza diddige cikin ƙasa, ta karkata kai kamar mai sauraron magana daga nesa. Ta ce wa Baba ruwan iyakarsa fata, bai kai ciki ba. Baba ya yi faɗa, ya ce duk gari sun fita sai mu. Ta koma gida ta zauna a kan tukunyar irin, a zahiri ta zauna a kai, ta ƙi tashi. Na waɗanda suka shuka ya tsiro ya ƙone. Da ruwan gaske ya zo, daga tukunyar nan aka ɗebar wa Baffa Idi, kai ka kai masa a hularka.

Wannan ƙafar nake yi maka magana a kanta, Yaya.

Da ciwon daji ya kama ta a mama, ba zan rage maka komai a gaban mutane ba, ka yi abin da ɗa ke yi. A shekarun nan da taki ya gagari manomi, kuɗin mota ya sa mutane suka daina zuwa suna da biki, ka sayar da shanun huɗarka ba ka yi shawara da kowa ba. Kai ke zuwa ka ɗauke ta, ka roƙi direban bas ɗin Makoda ya ba ta kujerar gaba. Ranar da jiri ya hana ta hawa matakalar asibiti, ka durƙusa ka goya ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana ce mini ƙasa-ƙasa in gaya wa wancan ya sauke ta, mutane na kallo. Ban gaya maka ba. Shi ne aike ɗaya da na riƙe, kuma ban yi nadama ba.

Zubar gashi, an gaya mana. Amai da rashin cin abinci, mun shirya musu. Ƙafa ce ba mu sa wa ido ba. Ta fara da cewa tururuwa ke yawo a tafin ƙafarta. Muka kaɗe tabarma, babu tururuwa. Sai ta ce kamar an sa mata safa an cika ta da yashi. Wani lokaci zugi, kamar ana tsira mata allura. Daga baya ta daina faɗa, don tana tsoron in likita ta ji za ta tsayar da maganin da ka sayar da shanu dominsa.

Wata Asabar na zo daga makarantar da nake koyarwa, na gan ta ta taho daga bakin rijiya da silifa ɗaya. Ɗayar tana can tsakar gida, ba ta san ta fita ba. Na zaunar da ita zan wanke mata ƙafa, na tarar da ƙayar aduwa a diddigenta, wurin har ya fara ruwa. Ta leƙa tana mamaki, kamar ƙafar wata nake nuna mata. A ranar ne na lura carbi yana zame mata, kuma ɗaurin ɗankwali ya koma abin da take yi sau biyu sau uku kafin ya zauna.

Kana wurin da likita ta fara bayani, sai wayarka ta yi ƙara, aka ce motar wake ta iso, ka fita. To ga abin da ya wuce ka. Na kuma bi na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi, maganar ba ta canza ba.

Wasu daga cikin magungunan kemo, a hanyarsu ta kashe ciwon, suna taɓa siraran jijiyoyin da ke kai saƙo daga fata da gaɓoɓi zuwa ƙwaƙwalwa. Mafi tsawonsu su suka fi shan wuya, shi ya sa abin yake farawa daga yatsun ƙafa, sannan na hannu. Mutum kuwa ba da ƙarfi kaɗai yake tsayuwa ba. A kowane taku tafin ƙafa yana aika labari sama: nan tudu ne, nan yashi, ka karkata hagu, gyara. Ba ma lura da wannan hira don ba ta taɓa yankewa. A wajen Inna ta koma kamar waya a ƙauyenmu in hadari ya taso, kalma ɗaya ta iso, saura su ɓace a hanya.

Sai ido ya karɓi aikin ƙafa. Shi ya sa take tafiya kai a sunkuye, ƙafafu a buɗe, taku gajere-gajere kamar mai ratsa santsi. Shi ya sa in ta rufe ido za ta wanke fuska sai ta dafa bango. Ɗaki mai duhu ya fi mata filin Allah haɗari. Ɗagowa daga ruku'u ta yi ta tangaɗi har ta haƙura ta koma sallah a zaune, ta yi kuka a kan wannan fiye da yadda ta yi a kan gashinta.

Likita ta ce wasu abin yana sakin su a hankali bayan an gama magani, wasu ya ragu kawai, wasu ya zauna. Ba ta yi mana alkawarin da ba za ta iya cikawa ba, na yaba mata a nan. Abu ɗaya ta nanata, ita da matar sashen gashin ƙashi da ta koya mana motsa jiki: kada Inna ta zauna. Ta yi tafiya kullum, da mai riƙe ta, da takalmi mai rufi, a wuri mai haske. Ƙafar da ba ta ji, in aka bari ƙarfinta ma ya tafi, da wuya ta sake ɗaukar mai ita.

Ka zo bara, ba zan musa wannan ba. Ruwan shuka ya faɗi, washegari da hantsi Inna ta ƙi jira a gida. Ta sa na ɗauko ƙoƙon, ta dafa kafaɗata, muka bi 'yar hanyar bayan gida har iyakarmu da Baffa Idi, jikin shingen lalle. Da muka ji ƙarar babur ɗin da ya kawo ka, ta ture hannuna. Ba ta so ka same ta a riƙe. Jim kaɗan ka ɓullo ta gindin kuka, sungumi a kafaɗa, ka naɗe ƙafar wando. Ta taka gaba, ta kife a kan kunyar gona. Gero ya watse, leɓenta ya fashe.

Baffa ne ya riga kowa isowa, don yana kusa. Kai ka tsaya cak, na ga fuskarka. Sannan idonka ya sauka a gindin shinge, inda aka tona aka mayar da sabuwar ƙasa, dab da wurin da ta faɗi. Ka tambayi wa ya yi binne a nan. Baffa ya ce shi ne. Ba ka bari ya ƙarasa ba.

Ba zan maimaita duk abin da ka gaya masa ba, mutumin da ya karɓa maka aure. Ka ce tun rasuwar Baba yake hangen gonar. Ka ce shi ya ɗaure ƙafar Inna. Ka rantse ba za ka ƙara taka ƙasar garin nan ba sai ya tone abin da ya binne a gaban jama'a. Ka mayar da sungumi zaure ba ka sara ko rami ɗaya ba, ka kafa doka cewa kada ƙafar Inna ta sake taɓa ƙasar waje, ka tafi. Tun daga nan sai jarkokin rubutu, da ƙulle-ƙullen turare, da 'yan ƙwadagon da ka turo suka shuka gonar kamar ana korar su.

Baffa ya ƙi tonewa. Ya ce abin zai tone kansa.

Yaya, asirin ya tsiro. Ya fito da ganye ja-ja masu laushi, suka koma kore, yanzu ya kai gwiwata. Mangwaro ne. Baffa ya sha wani mai daɗi a kasuwar Tsanyawa, ya sako ƙwallon a aljihu ya zo ya binne. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, duk rani yana ba shi ruwa da butar alwalarsa. Na turo maka hotonsa, waya ta nuna ka buɗe. 

Ban raina addu'a ba. Rubutun ma Inna tana sha, ni ke zuba mata. Amma kana so ka san abin da ya kayar da ita? Ina gefenta, a kan idona aka yi. Kai ta ɗaga. Tun daga gida idonta yana kan ƙafarta kamar yadda aka koya mata. Matar da duk tsawon rayuwarka take kawar da kai in ka shigo, ranar nan ta hango ka da sungumin Baba a kafaɗa, da irin tafiyarsa, ta manta da ciwo, ta manta da likita, ta dube ka sosai, ta taka. Ido ya bar ƙasa, ƙafa kuwa ba ta da labari. Babu hannun Baffa a ciki. Kai ta kalla.

Ga abin da dokarka ta yi. Ka bar Inna tsakanin kunya biyu, ta gona da ba ta iya tsallakawa, da ta ɗan fari da ta hana ta ce maka ka yi kuskure. Ladi, 'yar uwarmu da ke kwana da ita, tana tsoron ka fiye da yadda take tsoron likita, ko bakin zaure ba ta barin ta. Na yi ta yi maka magana a waya har ka gaji da ni. Ƙwaurin Inna ya koma kamar kara. Tashi daga tabarma sai an ɗaga ta. Matar da ke zuwa Makoda da ƙafa da ƙwaryar daddawa a kai, ta dawo ta daka hatsin dare.

Da rani Gwaggo Hajara ta rasu. Ka ji, ka turo buhun gero ta hannun direba, ba ka zo ba. Shinge ɗaya ne tsakanin gidajen nan. Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a jikin danga, ta zauna tana jin muryoyin mata masu gaisuwa a wancan gefen, tana amsa amin ita kaɗai. Ƙawarta ta tun amarci, wadda suka yi ta hira ta saman lalle damina bayan damina, ba ta je ta ga fitar gawarta ba, don wancan ya ce kada ta taka.

Tun ranar na fara karya dokarka, ina kuma faɗa maka da bakina kada wani ya riga ni. Na dawo gida da kwana, bas nake bi zuwa makaranta. Kowace safiya muna fita tsakar gida: daga ƙofar ɗaki zuwa turmi, daga turmi zuwa rumbu, in ta huta mu kai rijiya. Ta dafa rumbu ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta sauke, ta ɗaga ɗayar. Na sayo mata kambas irin na ɗalibaina, ta juya ƙafa ta dube shi ta ce in gaya wa wancan an sa ta a aji ɗaya. Ruwan alwala da gwiwar hannu take gwada shi yanzu, don yatsa ba ya gaya mata gaskiyar zafi. Da yamma ina duba tafin ƙafarta saboda ƙaya. Da can in ka taɓa wurin sai ta harbe ka don cakulkuli. Yanzu kallona kawai take yi.

Akwai kuma abin da ban sa ta ba. Ta sa Ladi ta ɗauko mata ƙoƙon irin, takan zauna ta tsinci gero tana kallon yatsunta, ta saki a ƙasa, ta ga ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ta sake. Ta ce wai kaji take ba wa. Kajin gidanmu sun yi ƙibar da ba su taɓa yi ba a wannan tsadar, ni dai ban ce mata na gane ba.

Kwanan baya ta taka jiƙaƙƙen wuri a gindin randa ba takalmi, ta tsaya, ta ce kamar babban yatsanta ya ji sanyi. Ban sani ba ko ji ne ko fata. Ban ƙaryata ta ba, ban kuma yi mata alkawari ba.

Yanzu tana kai zaure da sanda. Nan take zama, a ƙarƙashin sungumin. Amma bakin ƙofa iyakarta ne. Na yi lallashi, na yi faɗa, na karanto mata abin da likita ta ce, ta ce babban gida ya yi magana. Dokarka ta fi jijiyar ɗaure ta. Tsakar gida kuwa a share take, a daidaice, ba za ta koya wa ƙafa komai game da kunya da yashi da gangare ba. Abin da nake tsoro ke nan, ba kuma ina faɗa don in tsorata ka ba: ɗan ƙarfin da muka tattaro, saboda wannan ruwan take tara shi. In ya faɗi ya wuce tana zaure, ban ga abin da zan sake tayar da ita da shi ba.

Na san ka, Yaya, shi ya sa fushin nan nawa ba ya zama wuri ɗaya. Tun kana yaro in abu ya ba ka tsoro sai ka nemi wanda za ka yi faɗa da shi. Ranar da aka fitar da Baba ba ka yi kuka ba, sai ka kama faɗa da masu dafa abincin sadaka a kan itace, har Baffa Idi ya ja ka bayan rumbu ya riƙe ka. Asiri yana da mai shi, ana iya zuwa ƙofarsa a ɗaga murya. Jijiya ba ta da gida balle ka je ka yi sallama. Na kuma san abin da kake gudu ka faɗa: cewa maganin da ka kai ta aka yi mata shi ya taɓa ƙafarta. Haka ne, shi ne. Shi ne kuma Allah ya sa ya zama sanadin da take nan tana duban gabas. Da za a mayar da mu baya, ni da kai za mu sake sa ta a bas ɗin nan, kai ka sake goya ta.

Yau da safe tana zaure, ta daɗe tana kallon sama ta bakin ƙofa, a zaune, inda ɗaga kai ba zai kayar da ita ba. Ba ta juyo ba ta ce, "Ki gaya wa wancan hadari ya fara haɗuwa. In zai zo, ya rage sawu."

To na gaya maka.

Ga wa'adina. Ruwan shuka, ba yayyafi ba, kai ɗan manomi ne ka san bambancin. Ranar da ya faɗi zan rubuta a nan, 'yan layin wake su gaya maka. Washegari zan jira ka har hantsi ya ɗaga.

In ka zo, kada ka fara da gidanmu. Ka shiga wajen Baffa ka durƙusa, ka yi masa gaisuwar Gwaggo Hajara da bakinka, ka faɗi sauran abin da ka san ya kamata. Rantsuwarka kuwa akwai kaffara, a cikin hatsi kake kwana kake tashi, ciyar da miskinai ba zai gagare ka ba. Sannan ka zo zaure ka sauke sungumi, ka ce mata ta fito. Layi ɗaya ma ya isa. Ka sara kusa-kusa, in geron ya cushe ma cire. Ni zan riƙe gwiwar hannunta. Kada ka waiwayo, kada ka yi mata magana ta ɗago. Ka dai yi gaba a hankali. A duk ayyukan duniya ban san wanda ya dace da ƙafarta kamar wannan ba, don idonta zai kasance a ƙasa, a kan sawunka, tana kallon ka ba tare da ta ɗaga kai ba.

In ba ka zo ba, zan sauke sungumin da hannuna in kai wa Baffa Idi, in durƙusa in ba shi haƙuri a madadin gidanmu. Shi ƙanin mijinta ne, in ya tsaya a ƙofa ya ce ta fito, maganarsa tana gaba da taka. Shi zai yi mana sara, tsufa ya riga ya rage masa sawu. Daga gindin mangwaron za mu fara. Daga ranar kuma na ajiye aikin aike. In ta ce ki gaya wa wancan, zan ce mata ban san inda yake ba. Ka zauna ka tuna ko akwai wata kalmarta da ta taɓa iso ka ba ta bakina ba.

Allah ya jiƙan Baba da Gwaggo Hajara, ya haskaka makwancinsu. Allah ya mayar wa Inna jin ƙasa, in kuma bai ƙaddara ba, ya ba ta masu riƙe ta da ba sa gajiya. Ya ba duk masu fama da wannan ciwo lafiya, da waɗanda maganin ya bar su suna laluben ƙasa. Ya ba mu damina mai albarka. Kai kuma Allah ya sanyaya zuciyarka, ya kawo ka kafin hantsi.

Wassalam.

Ƙanwarka, 'yar aiken Inna har zuwa ruwan shuka,
Rakiya